"Babba juji ne": wa ake faɗa wa, babban ko mai kawo sharar?

Ɗan Gwange:
Salama gare ku 'yan'uwa. Wata karin magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi. Bayan an tashi sujada muna zaune gindin darbejiya, hira ta kai mu ga ambaliyar 10 ga Satumba 2024, daren da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shigo Maiduguri. Ni dai wajen ƙarfe biyu na dare na sauke ƙafa daga kan gado na ji ta cikin ruwa. Na goya tsohuwata, matata ta ɗora bokiti a ka da takardun makarantar yara a ciki, muka fita ruwa na kai mana ƙirji. Da muka dawo bayan kwanaki, Littafi Mai Tsarki na ya kumbura kamar burodi, kuma har yau zanen laka na nan a bangon ɗakina, daidai kafaɗata.

To, sai na ce a wurin hirar wannan ba ƙaddara kaɗai ba ce, akwai sakacin hukuma. Wani dattijon ikilisiyarmu ya dube ni ya ce, "Yaro, babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa can zai zuba. Kirista ba ya zagin hukuma." Na ja bakina, don ba a ja-in-ja da dattijo a gaban jama'a. Amma ina tambaya: me karin maganar nan take nufi? Kuka na shara ne ke nan?

Maman Tagwaye:
Sannu ɗana, Allah ya mayar da alheri. Ni yadda na taso na ji ana amfani da ita, babban ake faɗa wa, ba yaron ba. Idan maigida ya zo yana huci, 'ya'ya sun ce ya yi son kai, mata sun ce bai kyauta ba, ƙannensa na gunaguni, sai tsohuwa ta ce masa, "Yi haƙuri, babba juji ne." Wato ka haɗiye, girman ne ya jawo maka. Ban taɓa jin an juya ta an toshe bakin mai kuka da ita ba, sai a zamanin nan.

Tsohon Hedimasta:
Mama ta faɗi daidai, amma kada mu yi wa dattijon nan rashin adalci. Ina jin na san inda ya dosa. Romawa sura 13 ta ce a yi biyayya ga mahukunta, 1 Timoti 2 ta ce a yi musu addu'a, kuma Bulus ya rubuta waɗannan a ƙarƙashin mulkin Roma, ba ƙarƙashin gwamnatin da ya zaɓa da ƙuri'arsa ba. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wa ya gina gida a bakin kogin Ngadda? Wa yake juye leda da bola a lambatu da zarar hadari ya taso, wai ruwa zai tafi da su? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An yi irin wannan ambaliya a 1994, muna raye muka gani, amma da ruwa ya janye sai aka koma aka yanka filaye a inda ya bi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ɗan Gwange:
Baba Hedimasta, da girmamawa, leda ba ta ɓalla madatsar ruwa. An gama gina Alau tun 1986, tana hannun hukumar raya tafkin Chadi ta gwamnatin tarayya. Mutanen ƙauyukan da ke kusa sun ga alamun lalacewa sun yi magana. Kwanaki kaɗan kafin abin ya faru jami'ai sun je sun duba, aka ce wa jama'a kada su tada hankali. Da a ranar aka ce mu kwashe, da tsohuwata ba ta kwana a kan gadar sama ba. Filayen bakin kogin kuma, talaka ne ya sa wa kansa hannu a takardar? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai Bishara daga Biu:
Bari in shigo da abin da na daɗe ina tunani a kai. A Luka 13 an kawo wa Yesu labarin wasu Galilawa da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Wannan zaluncin gwamna ne tsantsa. Shi kuma da kansa ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu. Wannan kuma gini ne ya rufta, kamar dai Alau. Ku lura da abin da ya yi: ya hana a ɗora wa matattun laifi. Ya ce ba don sun fi kowa zunubi ba ne. Na faɗi haka ne don na ji da kunnena wani yana wa'azi wai ruwan hukunci ne a kan garin. Wane hukunci ne zai bi mai sayar da ƙosai a Gwange ya bar mai gidan bene a kan tudu?

Amma kuma Yesu bai zauna yana lissafin laifin Bilatus ba, ya juyo kan masu sauraro ya ce su tuba. Don haka dattijonku yana da inda zai riƙe, Ɗan Gwange ma yana da nasa.

Ni inda na fi karkata shi ne Maimaitawar Shari'a 22:8. An ce in ka gina sabon gida ka yi wa soron rawani, don kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidanka. Ba a ce in ya faɗo ka ce kwanansa ne ya ƙare ba. Mai gini ne ke da alhakin rawanin. Ezekiyel 33 ma haka: mai tsaro da ya hango takobi na zuwa bai busa ƙaho ba, a hannunsa za a nemi jinin. To wa ke riƙe da ƙahon a daren Alau?

Hajiyar Makwabta:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni Musulma ce amma ina bin tattaunawar nan saboda karin magana. Mu manoma mun san juji ba wurin banza ba ne. Da rani ake zuwa da jakuna a cika mangala da shi a kai gona, kuma inda aka zuba nan dawa ta fi yin baƙi-ƙirin. Kakana ya kan ce juji mai kyau ba ya mayar wa mutum shararsa, karɓa yake ya ruɓar da ita ta zama taki. Ina ganin Bahaushe da ya ce babba juji ne har da wannan yake nufi. Babban da ya karɓi ƙorafi ya mayar da shi gyara, shi ne jujin. Wanda in an zuba masa sai ya aiko a kama mai zubawa, wannan ba juji ba ne, rijiyar ƙaya ce.

Kuma in gaya muku, a sansanin da muka zauna, matan Zumunta na coci da ɗankwalinsu iri ɗaya su suka fara kawo mana kunu da tabarmi, ba su tambayi sunan kowa ba.

Maman Tagwaye:
Hajiya, kin ba ni abin da zan kai taron Zumuntar Mata na Alhamis. Maganar takin nan ban taɓa kawo ta a rai ba.

Ƙanen Soja:
Ni fa akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma zan faɗa ko da ba a so. Yayana soja ne, shekararsa ta bakwai a Arewa maso Gabas. Ranar ambaliya su ne suka shiga da manyan motoci suna ɗauko mutane daga kan rufin gidaje. Ga kadoji da macizai sun fito daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ga katangar gidan yari ta faɗi fursunoni sama da 270 sun tsere, amma suka shiga ruwan. Shi ma gwamnati ne fa. In an ce gwamnati ba ta yi komai ba, shi ake zagi.

Sannan wasunmu a nan 'yan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuna koyar da cewa Kirista ba ya ɗaukar makami. Na ji. Amma da aka sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, wa kuka ce bai yi yaƙi ba? Da Mubi ta faɗi a Oktoban shekarar, har hedkwatarku ta Kwarhi aka mamaye shugabanni suka koma Jos, wa kuka jira ya ƙwato muku? Ku ba za ku yi yaƙi ba, amma kuna zargin wanda bai yi muku yaƙin da kyau ba. Wannan ba shi ne cin tuwo da miyar wani ba? In akwai wanda ya zama juji a ƙasar nan, ƙaramin soja ne.

Mai Bishara daga Biu:
Ɗan'uwa, ka taɓa inda ke ciwo, kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Ni ɗan EYN ne. Tun da aka yi sujada ta farko gindin tsamiya a Garkida a 1923 ake koya mana hanyar salama, ana karanta mana yadda Yesu ya ce wa Bitrus ya mayar da takobinsa kube. A 2014 na ga dattawa sun yi kuka a kan wannan koyarwa, na ga matasanmu da suka ce sun gaji suka shiga 'yan kato da gora. Ban iya tsine musu ba, ban kuma iya sa musu albarka da zuciya ɗaya ba. Har yau abin bai gama kwanta mini ba.

Abin da zan iya cewa shi ne, Romawa 13 ɗin da aka kawo ita ce ta ce takobi na hannun hukuma, ba na ikilisiya ba. Wanda ya karɓi takobin ya kuma karɓi haraji, shi za a tambaya ina tsaro. Da sojoji suka je wurin Yahaya Mai Baftisma, a Luka 3, bai ce su tuɓe kaki ba, ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi ƙage, su dangana da albashinsu. Saboda haka ba yayanka muke tuhuma ba, Allah ya tsare shi ya dawo da shi gida. Muna tuhumar wanda ya tura shi daji da kayan aikin da ba su isa ba. Kuma yaƙin da ruwan ba a raba su. Da yawa daga cikin waɗanda ambaliya ta fi cinyewa mutanen da yaƙi ya koro ne daga Bama, Gwoza, Dikwa, suka raɓe a inda suka samu. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a Maiduguri da aka rufe a 2021, shi aka sake buɗewa aka zuba mutane. Wani gudun hijirarsa ta biyu ke nan, wani ta uku.

Ƙanen Soja:
Na ji, Malam, amma ban gamsu duka ba. Takobin da ka ce na hukuma ne, hannun ɗan wani ne ke riƙe da shi.

Tsohon Hedimasta:
Ni abin da nake tsoro shi ne zargi ya zame mana aiki. Na ga masu rubuta dogon bayani a Facebook a kan sakacin gwamnati, amma ko mudun gero ba su kai wa kowa ba. Basamariyen nan na cikin misalin Yesu da ya iske mutum yashe a hanyar Yariko bai tsaya tambayar ina 'yan sintiri ba, ya ɗaure masa rauni ya ɗora shi a jakinsa. Ihu bayan hari kowa ya iya.

'Yar Fori:
Baba, in Basamariyen zai bi hanyar nan kowace shekara ya tarar da wani a kwance a wuri ɗaya, wata rana dole ya tambayi sarkin yankin. Mu mun yi duka biyun. Mun tara baiko na musamman, mun dafa, mun raba, na yi sati biyu ina tuƙa tuwo a tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta. Kuma na tsaya a layi kwana uku da sunana a takarda, masu rabon kaya suka ce an riga an karɓa a madadina. In na faɗi wannan na zagi hukuma? Annabi Natan ya shiga har fada ya ce wa Sarki Dawuda shi ne mai laifin, kuma ba a kira shi mara kunya ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yusufu a Masar shekara bakwai ya yi yana tara hatsi kafin yunwa ta zo. Mu kuma sai da ruwa ya ci gari aka amince da naira biliyan 80 don gyaran Alau a 2025. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni yanzu abin da nake so dattawanmu su yi shi ne su riƙa tambaya a fili ina aikin ya kai, kafin kowace damina, ba bayanta ba.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, a kan Natan kin kama ni. Sai dai ki tuna ya shiga da labarin 'yar tunkiya, bai shiga da ashar ba.

Ɗan Gwange:
Na gode muku duka. Jiya da yamma na je gaida dattijon, na kai masa goro. Na lallaɓa na ce, "Baba, wai karin maganar nan babban ake rarrashi da ita ko yaron ake tsawatarwa?" Ya yi dariya ya ce ai shi ma a ranar ya zama juji, don bayan na tafi mutum uku sun same shi a kan maganar. Sai ya shiga ɗaki ya fito da hoton jikarsa, wadda ban san ruwan ya tafi da ita ba. Ya ce shi in ya fara zargi bai san inda zai tsaya ba, shi ya sa ba ya farawa. Ban ƙara cewa komai ba. Mun zauna har aka kira magariba a masallacin layinsu, sannan ya ce in zo ranar Asabar da shebur, matasa za su yashe lambatun bayan coci, kuma in rubuto wasiƙar da nake ta maganar a kai wa hukuma, zai duba ya gani ko zai sa hannu.

Hajiyar Makwabta:
Allah ya ba shi haƙuri. Ƙarfe nawa za a fara yashewar? Lambatun nan ta ƙofar gidan ƙanwata ya bi, zan turo yarana biyu da baro.