Shin Kwamfuta Mai Tsada Ta Cancanci Kuɗinta a Sakkwato?

Mai haɗa bidiyo:
Assalamu alaikum jama'a. Ana yawan tambayata wace kwamfuta ya kamata a saya wa ɗalibi ko ma'aikaci, kuma amsata ɗaya ce: duk wanda Allah ya hore masa, ya daure ya sayi mai tsada ya huta, domin araha ba ta ado. MacBook nake nufi. Tun da kamfanin Apple ya fito da furosesarsa (na'urar da ke sarrafa aikin kwamfuta) mai suna M1 a watan Nuwamban 2020, lissafi ya sauya ga mazauna gari irin namu. MacBook Air ɗin da ta zo da ita dala 999 aka sa mata, kamfanin ya ce batirinta na iya kaiwa awa 18 ana kallon bidiyo, kuma babu fanka a cikinta. Ko da mun rage wani abu daga alƙawarin mai talla, abin da ya saura ya isa mutum ya yi aikin yini bai nemi wuta ba. Wanda ya san halin wutar lantarki a unguwanninmu, ya kuma san yadda man janareta ya koma tun bayan cire tallafi a 2023, ba sai an faɗa masa darajar batir mai daɗewa ba. Rashin fanka kuma yana nufin babu abin da zai riƙa zuƙo ƙurar hunturu yana cusawa a ciki.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, na yarda da rabin maganarka, amma ka raba kasuwa gida biyu alhali gida uku ce. Akwai mai tsadar da ka ambata. Akwai sabuwa mai araha, wadda aka yi jikinta da roba maras kauri, aka sa mata furosesa irin Celeron da RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai giga 4, wani lokaci ma da ƙaramar ma'adana da ba ta ɗaukar komai. Wannan kam ba na ba kowa shawarar ya saya, domin ita ce ta fi yawa a kan teburina, kuma yawanci maƙalar murfinta ce ke fara karyewa ta tsaga jikin. Gida na uku shi ne wanda ka tsallake, wato kwamfutocin ofis na gwanjo irin su Lenovo ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook. Waɗannan su ma masu tsada ne a ranar da aka ƙera su, manyan kamfanoni a Turai da Amurka suka saye su, suka yi aiki da su wasu shekaru, sannan suka sauke su. Wanda ya saye su a nan yana samun ƙirar mai tsada ne bayan wani ya riga ya biya mafi yawan kuɗinta.

Batun fanka kuma yana da ɗaya fuskar. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa yanayin da ya dace a yi aiki da MacBook shi ne tsakanin digiri 10 zuwa 35. Mu kuwa a Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Na'urar da ba ta da fanka ba ta da hanyar sanyaya kanta idan aiki ya yi nauyi sai ta rage gudu, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsofar da batir, mai tsada ko mai araha. Ƙurar da ta shiga ThinkPad kuwa, kwance ƙusoshi kaɗan ne, a hure ta, a sauya man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, a mayar.

Abin da ya fi damuna shi ne gyara. A MacBook ta yanzu, RAM da ma'adanar bayanai duk a manne suke da bod ɗin, ba a cire su, ba a ƙara su. Idan ruwa ya zube mata ko wuta ta taɓa bod ɗin, ba kwamfuta kaɗai mutum zai rasa ba, har da abin da ya ajiye a ciki idan bai kwafe a wani wuri ba. A Latitude ko EliteBook kuwa, ko bod ya ƙone zan zare SSD ɗin, wato ma'adanar bayanan, in sa a wata, mai ita ya ga aikinsa yadda ya bar shi. Madannansu da batirinsu da allonsu ana samunsu a Kano ko a kasuwar Computer Village ta Ikeja, a aiko da su a mota. Apple ba shi da shagon kansa a Najeriya, dillalan da ya amince da su kuma ba a nan kusa suke ba.

Malamar jami'a:
Injiniya, Allah ya saka da alheri, ka taɓo inda nake so in shiga. Ni daga ɓangaren ɗalibai nake kallon lamarin. Mafi yawan abin da ɗalibi zai yi daga shigarsa har zuwa rubuta kundin kammalawa bai wuce rubutu a Word, lissafi a Excel, karanta takardu, da bincike a intanet ba, kuma kwamfutar da ke da SSD da RAM mai giga 8 tana yin duk wannan ba tare da gajiya ba. Waɗanda fanninsu ke buƙatar manhaja ta musamman ma, sau da yawa Windows suke buƙata. ArcGIS Pro da ɗaliban nazarin ƙasa ke amfani da ita, da Revit ta masu zanen gini, ba a yi su don Mac ba. Ke nan uba zai iya kashe maƙudan kuɗi, yaro ya je aji ya tarar da cewa manhajar da ake koyarwa ba ta hawa kan abin da ke hannunsa.

Sannan mu tuna da aljihun mutanen da muke ba shawara. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma a shekarar dala ta haura naira 1,500. Dala 999 a wannan farashi ta doshi naira miliyan ɗaya da rabi, kafin a sa kuɗin shigo da kaya da ribar ɗan kasuwa. Ban ga hujjar da za ta sa in ce wa uban da ke biyan kuɗin makarantar yara da dama ya ɗora wa kansa wannan nauyi ba, musamman ga na'urar da za ta riƙa kwana a ɗakin da ɗalibai da yawa ke shiga da fita.

Mai haɗa bidiyo:
Malama, ina girmama maganarki, shi ya sa tun farko na ce wanda Allah ya hore masa. Amma Injiniya, gwanjon da kake yabo yana da aibin da ba ka faɗa ba. Batirinsa ya riga ya sha aiki kafin ya iso, wanda za a sauya masa da shi kuma sau da yawa ba na asali ba ne, wata kaɗan sai ya kumbura. Babu garanti na kirki. Bayan haka, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ke cike da shaguna ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ana sayar wa mutane na'urar da ta daina samun gyaran tsaro na yau da kullum, su kuma suna shiga asusun bankinsu da ita. Shin wannan araha ce?

Mai gyaran kwamfuta:
Wannan gaskiya ce, Malam, kuma ita ce ta sa nake cewa ba kowane gwanjo ba. Windows 11 tana buƙatar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a furosesar Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Gane wannan ba wuya, domin lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna zubin (daga zubi na 10 kuwa lambobi biyun farko ne): idan aka ga i5-8250U, zubi na 8 ne, idan kuma aka ga i5-6300U, na 6 ne, sai a bar shi komai kyan jikinsa. Mai saye kada ya tsaya a kan cewa an ce masa Core i5 ce ko Core i7, domin i5 na zubi na 8 mai ƙwaƙwalwa huɗu ya fi tsohon i7 mai biyu ƙarfi. Irin su ThinkPad T480 da Latitude 7490 da EliteBook 840 G5, waɗanda suka fito a 2018, ana samunsu da zubi na 8, sai dai a duba, don akwai waɗanda suka zo da na 7.

Kuma kada mu ɗauka tsada tana hana kuskuren ƙira. Madannan da Apple ya sa wa MacBook daga 2015 zuwa 2019 sun yi ƙaurin suna wajen maƙalewa idan ƙura ta shiga ƙarƙashinsu, har kamfanin ya buɗe shirin gyara su kyauta, daga baya kuma a 2022 ya amince ya biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. Waɗannan samfura suna nan a kasuwar gwanjonmu, ana sayar da su da tsada saboda tambarin da ke bayansu, a garin da ƙura ke rufe sama duk hunturu.

Ɗan kasuwa:
Ni zan goyi bayan mai bidiyo a abu guda da na sani daga saye da sayarwa. MacBook tana riƙe darajarta fiye da sauran. Wanda ya saye ta kafin Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, da ya fitar da ita bayan naira ta faɗi, kuɗin da zai karɓa ba zai ba shi kunya ba. Sabuwa mai araha kuwa, ranar da aka fita da ita daga shago ta zubar da babban kaso na kuɗinta. Sai dai ina jan kunnen mai sayen MacBook ta hannu: ya tabbatar mai ita ya fita daga asusunsa na Apple a gabansa, domin idan aka kulle ta daga nesa ba ta da sauran amfani sai a sayar da sassanta.

Ɗalibin ilimin kwamfuta:
Ina neman izinin manyana in sa baki. Akwai aikin da dole sai da Mac, domin Xcode, manhajar da ake gina manhajojin iPhone da ita, a kan Mac kaɗai take aiki. Wanda ya samu aikin da ake biyansa da dala a wannan fanni, kwamfutar za ta mayar da kuɗinta. Amma mu da muke matakin koyo, harsunan rubuta manhaja irin su Python da JavaScript duk suna tafiya lafiya a kan tsohuwar ThinkPad, wasunmu ma suna sa mata Linux a madadin Windows ta ƙara sauƙi. A ganina mai tsada abin saye ne bayan aiki ya fara kawo kuɗi.

Dattijo ɗan fansho:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da ke raina. Abin da nake tsoro ba na'urar ba ce, bashin da ake ci dominta ne. Ina ganin matasa suna karɓar kaya a biya kaɗan-kaɗan, wasu har da ƙarin da ya kamata a tambayi malamai hukuncinsa, don kawai a gan su da ita a wajen taro. Mai bidiyo sana'arsa ce, kowane biki da ya ɗauka yana rage masa kuɗin da ya kashe, don haka ba ni da ja a kan zaɓinsa. Jayayyata da shi ita ce yadda ya ɗauki abin da ya dace da sana'arsa ya mayar da shi shawara ga kowa.

Mai haɗa bidiyo:
Baba, na ji, kuma ba na goyon bayan kowa ya ci bashi. Amma har yanzu ba a ba ni amsar batir ba. Malamin firamare ko ɗalibin da ke zaune a unguwar da wuta ba ta zama, ThinkPad mai batirin awa biyu ko uku ba za ta kai shi ko'ina ba, kuma wannan matsala ta kowa ce, ba ta masu bidiyo kaɗai ba.

Uwar ɗaliba:
Ni ma nan ne hankalina ya tsaya, Injiniya. 'Yata za ta fara karatun aikin jinya, abin da na tanada kuma ba zai kai ko rabin kuɗin MacBook ba. Idan na bi shawararka, yaya za ta yi da dare idan babu wuta?

Mai gyaran kwamfuta:
Hajiya, a batun batir MacBook ta fi, ba zan musa ba. Amma samfuran 2018 da na ambata suna karɓar caji ta ramin USB-C, don haka ana iya haɗa su da babban fawa banki mai fitar da wat 65, wanda za ta caja da rana a makaranta ko a wurin masu sola, kuma kuɗin biyun a haɗe bai kusa da na MacBook ba. Idan za ki saya, ki tafi da wanda ya san kan abin. A duba lambar furosesa ta nuna zubi na 8 ko sama, a tabbatar SSD ce a ciki ba tsohon faifai mai juyawa ba, RAM kuma kada ya gaza giga 8. A buɗe rahoton batir na Windows a kwatanta ƙarfinsa na asali da wanda ya saura. A shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a gani ko babu kalmar sirrin tsohon kamfanin da ya mallake ta. A danna madannan ɗaya bayan ɗaya, a gwada kyamara da dukkan ramukan, a bar ta tana aiki na ɗan lokaci a ji ko fankar tana ƙara fiye da kima. Sannan ki nemi mai shagon ya rubuta miki a rasit kwanakin da ya yarda a dawo da ita idan ta nuna matsala, ya kuma rubuta lambar jikinta a kai.