Rabin Aji a Firamaren Gwamnati a Zariya: Yara Nawa Malama Ɗaya Za Ta Iya Riƙewa?

Malam Shehu, Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Satumba ta ƙarato, lokacin ɗaukar sababbin yara ya zo. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa game da ajin share fage, wanda muka fi sani da rabin aji. A takarda dai maganar a fili take: tsarin ilimi na ƙasa da aka sabunta a 2013 ya sanya shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, ga yaro mai shekara 5, kuma malami ɗaya ga yara 25. A firamare 35 ne. Amma duk wanda ya leƙa makarantun cikin gari, daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari, ya san 25 ɗin nan ko layin gaba ba su cika ba. To ina matsalar take farawa, kuma me ke aiki?

Malama Hauwa, Gyallesu:
Wa alaikumus salam, Malam. Tun daga bakin ƙofa take farawa, ranar rajista. Sunan ajin na 'yan shekara 5 ne, amma abin da ake kawowa ya haɗa da 'yan 3 da 'yan 4, har da ɗan 7 da bai taɓa shiga makaranta ba. Uwa ta ga yayan zai tafi, sai ta goya masa ƙanin, ta ce ya zauna a rabin aji har a tashi. Shi wannan ƙaramin babu sunansa a rajista, amma yana cin wuri a tabarma, kuma shi ne mai kuka, shi ne mai fitsari a wando.

Gwajin nan na ɗora hannu bisa kai a taɓo kunnen ɗaya gefen, wanda aka yi wa iyayenmu, har yau ana yin sa, kuma yana yaudara. Yaro mai tsawon hannu ya wuce yana ɗan 4, wanda rashin abinci ya tsumburar ya faɗi yana ɗan 6. Abin da ya fi shi: takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. In babu, katin rigakafi, domin akwai ranar haihuwa a jikinsa, kuma yawancin iyaye mata suna adana shi fiye da kowace takarda. In shi ma babu, a tambayi uwa da wane yaro a layinsu aka yi goyonsa tare, ko a wace sallah aka yi sunansa. A rubuta watan da shekarar nan take da biro, kada a bari sai daga baya.

Baban Khalifa, Muciya:
Malama, mu iyaye ma a ji ta bakinmu. Kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfin mutane da yawa yanzu, shi ya sa ake ta dawo da yara ta gwamnati, wasu ma a tsakiyar zango. Kuma doka ta ce kyauta ce, dole ce. Da wane baki hedimasta zai ce wa mutum aji ya cika?

Malam Shehu, Tudun Wada:
Gaskiyarka, ba zai iya korar yaro ba. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Amma ƙin karɓar ɗan shekara 3 a ajin 'yan 5 ba kora ba ce, cewa aka yi ya dawo in ya kai shekarun.

Hajiya Binta, tsohuwar shugabar makaranta, Kwarbai:
Bari in yi muku lissafin ɗaki, don a nan ne ake gane abin. Ajin da aka saba ginawa mita 7 ne a faɗi, 8 a tsawo, wato murabba'in mita 56. Raba wa yara 25, kowa ya samu fiye da mita 2. In kuwa yara 90 ne a ajin, kowa bai kai kashi biyu cikin uku na mita ɗaya ba, kuma ba a cire gaban allo da teburin malama da hanyar wucewa ba. Yaro ɗan 5 da wasa yake koyo, da motsi, da taɓa abu. In ba wurin miƙe ƙafa, sai karatu ya koma amshi kawai: malama ta faɗa, aji ya ɗauka da ihu. Daga waje ka ji kamar ana karatu sosai. Ka ware yaro ɗaya ka nuna masa harafi, sai ya tsaya kallonka.

Sai lokaci. Kiran suna na yara 90, a ce daƙiƙa 10 kowane, minti 15 ke nan, in ba wanda ya yi gardama. Ka haɗa da masu Aisha huɗu da Muhammad shida, sai an ƙara da sunan uba ko na unguwa. Duba rubutu a littafi, minti ɗaya kowane yaro, awa ɗaya da rabi. Fita tara da dawo da su cikin aji ya ci wani rabin awa. Me ya rage?

Abin da na ga yana rage wahala, ba ya kawar da ita: a fitar da benci daga rabin aji gaba ɗaya. Bencin firamare ya yi wa ɗan 5 tsawo, ƙafarsa tana lilo, ga faɗuwa, ga cin wuri. A shimfiɗa tabarmi, a raba yara gida-gida, kowace tabarma yara 10 zuwa 12 da sunanta, a ce tabarmar zaki, tabarmar giwa. Kiran suna sai ya koma tambayar waye bai zo ba a tabarmar zaki, yaran da kansu za su faɗa. Kowace rana malama ta zauna da tabarma biyu sosai, sauran suna ƙirga da murafen kwalba ko 'ya'yan dabino. A mako ɗaya ta zagaye kowa.

Malama Rahila, Wusasa:
Hajiya, na ƙara da maganar lafiya, don cunkoso a nan ya fi cizo. Makero da ƙazuwa da ciwon ido suna zagaye aji in yara na haɗa kai a tabarma ɗaya. Da hunturu ana rufe tagogi saboda sanyi, tari ya kama kowa. Da bazara kwano ya ɗau zafi, ƙarfe sha ɗaya yara sun fara gyangyaɗi. A bar taga biyu masu fuskantar juna a buɗe komai sanyi. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, da buta aƙalla uku. Kuma a shanya tabarmi a rana duk Juma'a.

Babban giɓin shi ne mai taimako. Malama ɗaya ba za ta raka yaro banɗaki ta bar 80 su kaɗai ba. Inda kwamitin SBMC, wato na al'umma mai kula da makaranta, ke da rai, sukan samo dattijuwa daga unguwa, iyaye su haɗa mata ɗan ihsani a wata. Wannan inna ta fi sabon allo amfani.

Malam Idris, Samaru:
Ku kula da bambancin rajista da waɗanda ke zuwa. Lokacin da jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, makarantu sun cika maƙil, da yawa kuwa an ci abinci an watse. Sunayen irin waɗannan kan daɗe a littafi. Haka yaron da aka rubuta a makaranta biyu, ko wanda iyayensa suka tashi daga unguwa. A ɗaya ɓangaren kuma ga ƙannen da Malama Hauwa ta ambata, suna aji ba sa littafi. Saboda haka a ƙirga kai sau uku a makon huɗu na zango, ranaku daban-daban, ban da Juma'a. Wannan adadin za a kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma za a cika a fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara, domin da shi SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ke duba rabon malamai da azuzuwa. Hedimastan da ya haɗe rabin aji da aji ɗaya a fom ya cuci kansa, don a takarda ajin babu shi.

Hajiya Binta, Kwarbai:
Haka ne, Malam. Kuma a daina tura wa rabin aji malamar da aka ga ta gaji ko ta kusa ritaya. Bayan jarrabawar gwajin malaman jihar Kaduna ta 2017 da aka sallami malamai 21,780, an ɗauki sababbi, cikinsu akwai masu takardar shaidar malanta ta NCE a fannin renon ƙananan yara, amma sai ka tarar da su a aji biyar suna koyar da lissafi. Shugaba ya buɗe fayil ɗin malamansa ya duba abin da kowa ya karanta.

Baban Khalifa, Muciya:
To raba su safe da rana fa?

Malama Hauwa, Gyallesu:
Ya fi kyau a raba safiyar kanta: kashi na farko 8 zuwa 10, na biyu 10:30 zuwa 12:30. Na yamma yana karo da Islamiyya, iyaye ba za su yarda ba. Wahalarsa ɗaya, ɗan kashi na farko ya tashi yayansa na aji, babu mai kai shi gida. Don haka tun ranar rajista a tambaya wa ke ɗaukarsa: masu tafiya da yayye a sa su kashi na biyu, waɗanda gidansu ke kusa ko uwa ke zuwa ɗauka a sa su na farko.