Delay, postpone da late: ina bambancinsu?

Ɗan Aji Shida: Assalamu alaikum malamai. Kalmar delay ce ke rikita ni. Ƙamus ya ce jinkiri, amma ina ganinta a wajen makara, wani lokacin kuma a wajen ɗage taro. Yaya ake raba ta da postpone da late?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam ɗalibi. Delay jinkiri ne da wani abu ya jawo: abin yana nan tafe, sai dai ya wuce lokacinsa. Postpone kuwa shawara ce, masu abin ne suka zauna suka ɗage shi zuwa wata rana. Zaɓen shugaban ƙasa na 2019 da INEC ta mayar daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, postponed ne. Jirgin ƙarfe 9 da bai tashi ba sai ƙarfe 11, delayed ne, kuma abin da za ka gani ke nan a allon filin jirgi. Late makara ce kawai, ko da laifinka ko babu. Shi ya sa "I was delayed" ya fi "I am late" wanke mutum, don yana nuna wani abu ne ya tsare shi.

Tafinta: Malam ya gama magana, sai dai in ƙara inda ɗalibai ke zubar da maki. Idan delay aikatau ce, tsawon lokacin da by ake kawo shi: "delayed by two hours". Idan suna ce, of ne: "a delay of two hours". Abin da aka jinkirta kuma kalmar "in" yake ɗauka: "a delay in payment". Babban tarkon shi ne aikatau mai biyo ta, dole ya ƙare da ing. "He delayed paying" daidai ne, "he delayed to pay" kuskure ne, duk da yawan masu faɗarsa. Wajen furuci, nauyin a gaɓa ta biyu yake, dilEI. A wasiƙar ofis, "without delay" na nufin nan take.

Akawun Kotu: A kotu, idan alƙali ya ɗage zama adjourn ake cewa. Sannan a yi hattara da hold-up. A Najeriya cunkoson motoci ne, amma a Ingila da Amurka, ban da tsaiko, tana nufin fashi da bindiga. Ka ce wa Ba'amurke ka shiga hold-up, yana iya tambayarka ko an ji maka rauni.