An ce ɗana zai sami baƙin bel na tekwando a wata 8: in sayar da tunkiyar ko in dakata?

Mai tambaya, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni manomi ne, ina ɗan taɓa awon riɗi idan kaka ta yi. Ɗana shekararsa 12. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantarsu ne ya fara koya musu tekwando kyauta, Talata da Asabar bayan la'asar, a filin ƙwallo. Da ya gama ya tafi, sai wani mutum ya fara zuwa daga Kano ranar Asabar, kowane yaro na ba shi N500. Yau wata 8 ke nan da yaron ya fara, bel ɗinsa kore ne. Makon jiya mutumin ya aiko da takarda cewa za a yi babban gwaji ƙarshen wata, duk wanda ya biya N40,000 zai fito da baƙin bel da satifiket "na duniya". Ya ce yarona na cikin uku da suka fi ƙwazo, asara ce a bar shi.

Uwarsa ta ce ko ƙwandala kada in bayar. Shi kuma yaron tun ranar ko tuwo ba ya ci sosai. Ina da tunkiya da zan iya kaiwa kasuwa. Masu sani, haka abin yake tafiya? Ni dambe na sani, wannan kuwa a fim kawai nake gani.

Tsohon ɗan tekwando, Dutse:

Wa alaikumus salam. Baba, ka riƙe tunkiyarka tukuna, bari in warware maka yadda tsanin yake.

Kafin a kai baƙin bel akwai matakai da ake kira gup, yawanci guda 10, ana ƙirga su daga 10 a sauko zuwa 1. Launukan da aka fi sani su ne fari, rawaya, kore, shuɗi, ja, sannan baƙi, tsakanin kowane biyu kuma akwai rabin mataki da ake sa wa bel ɗin ɗan ratsi. Yaronka da ke kore, gaba da shi akwai shuɗi da ja da rabe-rabensu. Wato mutumin nan so yake ya ɗauke shi daga tsakiyar tsani ya ɗora a kan soro da tsalle ɗaya.

Kusan kowane mataki yana da jerin motsin da ake haddacewa, kamar yadda almajiri ke wanke allo kafin a ƙara masa. Sunansu Teguk, guda 8 ne. A gwajin baƙin bel na Kukkiwon, hedikwatar tekwando da ke birnin Seoul a Koriya ta Kudu, wadda aka buɗe a 1972, na 8 ɗin dole ne, sannan a zaɓo maka ɗaya daga cikin 1 zuwa 7, sai kuma karawa da abokin gwaji. Yau da daddare ka kira yaron tsakar gida ka ce ya yi maka Teguk ɗin da ya iya, kai dai ƙirga kawai. In ya tsaya a na 3 ko na 4, to ka sami amsarka ba tare da ka tambayi kowa ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Kukkiwon ba ta ba wanda bai kai shekara 15 ba matakin dan, wato matakin baƙin bel na manya. (Kalmarsu ce, dan, ba ɗan namu mai lanƙwasa ba.) Yaro ƙasa da 15 abin da yake samu sunansa poom, bel ɗinsa rabi ja rabi baƙi, sai ya cika 15 a mayar masa da shi dan. Duk wanda ya ce zai ba ɗan shekara 12 cikakken dan na duniya, ko dai bai san ƙa'idar ba ko kuma ya san kai ba ka sani ba.

Malamar firamare, Gumel:

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne "duk wanda ya biya zai fito da". Malam, jarrabawar da ba a faɗuwa ai rasit ce. Mu ma a makaranta mun san irinta. Maman yaron ta fi ku hangen nesa, a gaishe ta.

Wani ɗalibi, daga Wudil:

Yayana na Dutse, ina tare da kai amma a yi wa mutumin adalci ta fuska ɗaya. Saurin ba shi kaɗai ne hujja ba. A Koriyar kanta yara kan sami poom na farko cikin kamar shekara ɗaya, don a wurinsu matakin farko na baƙin bel alama ce ta cewa ka iya harsashin abin, ba wai ka zama gwani ba. Mu ne fim ya sa muke ganin mai baƙin bel zai iya tarwatsa kasuwa shi kaɗai. Sai dai su yaran can kusan kullum suke zuwa, kwana biyar a mako, a ɗaki mai shimfiɗa, da malami a kansu. Yaron Baba sau biyu a mako ne da farko, yanzu ma sau ɗaya. Ko a ce bai taɓa fashi ba, zuwansa duka bai wuce 70 ba. To lissafin ne bai fita ba.

Tsohon ɗan tekwando, Dutse:

Gaskiyarka ƙanena, na karɓa. Awannin da aka zuba ake dubawa, ba watannin kalanda ba.

Wani dattijo, tsohon soja, Hadeja:

Ni judo na yi a bariki, ba tekwando ba, amma duk wannan tsarin daga gidanmu ya fito. Wanda ya kafa judo a Japan a 1882 sunansa Jigoro Kano. Eh, Kano, amma ba Bakano ba ne, kada wani ya je nemo gidansu a Fagge. Shi ya fara ba ɗalibansa biyu matakin dan a 1883, kuma ya aro tsarin ne daga wani wasan allo nasu mai suna go, mai kama da darar da muke yi a gindin bishiya. Masu karate suka ɗauka daga wurinsa, malaminsu Funakoshi ya ba da dan na farko a 1924, daga baya Koriyawa suka bi. Launuka masu yawan nan kuwa a Turai suka bazu, musamman ta hannun wani malamin judo, Kawaishi, da ya koyar a Faransa tun shekarun 1930. Ɗalibi yana son ya riƙa ganin alamar cewa yana gaba, sai aka yawaita masa matakai.

Abin da ya sa na kawo tarihin: bel ba shi da ƙima ɗaya a ko'ina kamar naira. Baƙin bel na karate daban, na judo daban, a tekwando ma ƙungiyoyin duniya ba ɗaya ba ne. A jujitsun Brazil sai mutum ya shekara kusan goma bai ga baƙi ba. Ƙyallen kansa kuwa tela zai ɗinka maka a Kantin Kwari kafin ka gama shan shayi. Darajarsa tana wurin wanda ya sa hannu a takardar, da kuma wa ya san mai sa hannun. Don haka tambayar da za ka yi wa mutumin ita ce: kai wa ya ba ka naka?

Ɗan dambe, Babura:

Alhaji soja ka gama magana. Mu a gidan dambe babu takarda babu ƙyalle. Sunanka ma na maigidanka ne, a ce Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Garkuwan wane, kowa ya san hannun da ya rene ka. Matsayinka kuma a fili ake ba ka shi, wa ka kashe, a turmi na nawa, gaban mutane da makaɗa. Ba ka isa ka biya a kira ka gwani ba, don gobe za a haɗa ka da wani ka sha ƙasa. Baba, ka kawo mana yaron kawai, kyauta ne.

Malamar firamare, Gumel:

A'a Malam, ɗan shekara 12 ne, a bar shi da haƙoransa.

Wani ɗan uwa, Kazaure:

Ni tambayata daban ce, an ce wajen karɓar bel ɗin sai yaro ya rusuna wa malami kamar ruku'u. Wannan fa?

Tsohon ɗan tekwando, Dutse:

Gaisuwarsu ce, akwai ta. Da yawa daga cikinmu kai kawai muke ɗan sunkuyarwa, malaman da na yi a hannunsu ba su taɓa matsa min ba. Hukuncinta a tambayi malaman addini, ba fagena ba ne.

Baba, in dawo kanka. Ranar Asabar ka je filin da kanka, ka gaisa da shi cikin mutunci, kada ka nuna zargi. Ka ce kana son ganin takardar dan ɗinsa. Ta Kukkiwon tana da lamba, kuma ana iya duba mutum a shafinsu na intanet da sunansa da ranar haihuwarsa. Ka ɗauki hotonta ka turo min ta akwatin saƙo in duba maka. Ka lura da matakinsa: wanda zai gabatar da ɗalibi don takardar Kukkiwon sai ya kai aƙalla dan 4, kuma zuwa can ba wasa ba ne, don daga dan 1 zuwa 2 sai an jira shekara ɗaya, daga 2 zuwa 3 shekara biyu, daga 3 zuwa 4 shekara uku. Sannan ka tambaye shi su wa za su zauna alƙalancin gwajin, ko shi kaɗai ne mai koyarwa, mai gwadawa, mai karɓar kuɗi. Ka kuma tambaya ko ƙungiyar tekwando ta jiha ta san da shi. Ofishin wasanni a Dutse za su iya gaya maka.

Kuɗin gwaji ba haramun ba ne, ana biya a ko'ina, takardar Koriya ma da kuɗinta. Gwajin kore zuwa mataki na gaba shi ne daidai da yaronka yanzu, kuma wannan malaminsa na iya yi masa a nan filin, kuɗinsa bai kamata ya kai ga tunkiya ba. In mutumin yana koyarwa da kyau, kada ka cire yaron saboda wannan. Samun mai zuwa ƙauye duk Asabar ba ƙaramin abu ba ne.

Shi kuma yaron ka gaya masa Chika Chukwumerije, wanda ya ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, tun yana ƙaramin yaro ya fara, sai da ya haura shekara 20 ya hau wancan dandamalin.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na sa shi ya yi min a tsakar gida, ƙannensa na haska masa da tocila. Ya yi na 1 da na 2 da na 3 tsaf, a na 4 ya kakare a tsakiya, ya sake farawa, ya sake kakarewa, sai shi da kansa ya fashe da dariya. Na ce to saura huɗu da rabi. Ya ci tuwonsa.

Na kira mutumin da safe na ce ina son ganin takardarsa ranar Asabar. Ya ce tana Kano a wurin yayansa, amma zai duba. Ya kuma ce tunda ni ne, zai iya rage min zuwa N25,000. Yayana na Dutse, in ya kawo zan turo maka hoton. Tunkiyar dai tana turke, da ma ciki gare ta.