Gane tsohuwar libarba ta Smith & Wesson marar lambar model

Ga abin da masu tara tsofaffin bindigogi a Amurka suka fi nanatawa. Sai 1957 kamfanin ya fara buga lambar model, kafin nan suna ake ba bindigogin, Military & Police ce ta koma Model 10, Chiefs Special kuma Model 36.

Inda mutane ke yawan rikicewa, in ka buɗe silinda, wato ɓangaren da ke juyawa inda ake zuba harsashi, za ka ga wata lamba a ciki, to wannan ta haɗa sassa ce a masana'anta, siriyal na gaskiya, wato lambar shaidar bindigar, yana can ƙasan mariƙi. Harafin farkonsa ma magana ne, V ta lokacin yaƙin duniya na biyu ce, C kuma daga 1948. Wasu sun ce a ƙirga sukuru, mai sukuru biyar galibi ta kafin 1955 ce.

Wanda ni ya fi damuna shi ne harsashi. Bindigogin da aka ƙera wa Ingila lokacin yaƙin .38 S&W suke ci, ba .38 Special ba, kuma bayan yaƙi an rarake silindar da yawansu don su ci .38 Special, don Allah gwani ya duba tukuna. Kar a goge ta ko a sake mata launi, darajarta faɗuwa take.