Giyar adaidaita: cacar bakin da aka yi a zauren 'yan sahu

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Na ba wani yaro adaidaitata yana kawo balas, wato kuɗin da na yanka masa ya dinga biyana, Bajaj ce, ko shekara ba ta yi ba. Yau bakanike ya kwance ya nuna min filet ɗin kuloci ya ƙone ƙurmus. Bayan an gyara na shiga baya na ce mu zaga gari in gani da idona. Yaron nan a giya biyu yake falfala gudu, inji na ta kururuwa, shi ko a jikinsa. Da muka zo hawa gadar Ƙofar Nasarawa kuma sai ya tunkare ta a giya huɗu, mashin ya kama kakkarwa, maimakon ya rage giya sai ya matse kuloci rabi yana murɗa totur. Giya da kunne ake sauya ta! Duk wanda bai san kukan inji ba, ba direba ba ne, ɗan acaɓa ne aka ƙara masa taya ɗaya.

Ɗan Kurna: Oga, Allah ya mayar da alheri. Amma me ɗan acaɓa ya yi maka? Da yawanmu nan daga acaɓa muka fito, sai da aka hana goyo a Kano a 2013 muka koma sahu. Ka janye wannan maganar.

Mai Tirela: Ni kalmar direba ce ma ta tsaya min a wuya. Yaushe ɗan sahu ya zama direba? Direba shi ne mai sitiyari, kuloci a ƙafa, giya a gefe. Ku kan babur kuke riƙewa.

Ɗan Kurna: Alhaji, da girmanka. Ni da nake ɗaukar rayukan mutane tun asuba ban isa a kira ni direba ba?

Mai Tirela: Ɗana, mai amalanke ma yana ɗaukar kaya. Ka taɓa sauko da lodi daga hawan Kibo da dare?

Na Hotoro: Alhaji ya manta muna da ribas. A nuna min babur ɗin acaɓa mai ribas. Birkinmu ma a ƙafa yake, muna da gilashi, muna da waifa. Direbobi ne mu, ko ana so ko ba a so.

Auta: Don Allah yayyena, ni sabon koyo ne. Maganar kunnen nan nake so a yi min bayani. Idan na tashi a giya ɗaya, yaushe zan sa biyu? Kullum sai ta fizge ni ko ta mutu.

Bakanike: Ƙanina, saurara. Injin nan ƙarami ne, wajen cc 200, giya huɗu ce gaba da ribas, firi na tsakanin ɗaya da biyu. Giya ɗaya ta tashi ce kawai, da taya ta fara garawa ka saki totur, ka matse kuloci har ƙarshe, ka murɗa zuwa biyu, ka saki a hankali. Idan kukan inji ya yi sama ya zama siriri amma gudu bai ƙaru ba, ƙari yake nema. Idan ka ba ta wuta ta ƙi amsawa, kujera na rawa a ƙarƙashinka, ana jin ƙwal-ƙwal daga baya, ka yi mata yawa, rage. Mutuwar da take yi maka kuwa sakin kuloci ne da sauri ba wuta.

Mai Tirela: Kun ji ko? Murɗa giya da hannun hagu. Wannan ai tsarin Vespa ne, irin wadda malaman makaranta ke hawa a da. Kamfanin Bajaj na Indiya ma da haɗa Vespa ya yi suna. Wa ya taɓa kiran mai Vespa direba?

Na Hotoro: To ka kashe maganar Baban Khalifa ke nan da bakinka. Giyar acaɓa a ƙafa take, tamu a hannu. Ina alaƙarmu da acaɓa?

Ɗan Kurna: Kai kuma yanzu gudun acaɓar kake yi? Da ita na yi aure, da ita na biya kuɗin makarantar ƙannena.

Maman Ilham: Ku kira kanku abin da kuka ga dama, mu fasinja mu muke shan wahala. Shekaranjiya wani ya sha kwana da mu a guje, tayar gefena ta ɗaga, buhun garin da ke gabana ya kife a kan ƙafata. Da goyo a bayana fa! Na yi magana ya ce Hajiya sauri nake.

Baban Khalifa: Kin ji irin yaran da nake faɗa.

Ɗan Kurna: Oga, tunda ka kawo mu nan, balas nawa ka yanka wa yaron? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda lita ta koma. An hana mu aiki bayan ƙarfe goma na dare, ga kuɗin tikiti, ga 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa. Yaron da aka ɗora wa balas mai nauyi dole ya yi lodi fiye da ƙima ya yi ta tsere. Ba kunne ne ba shi da shi ba, tsoron ka ƙwace makulli yake.

Baban Khalifa: Wannan tsakanina da shi ne. Ni ma bashi na ciwo na saya.

Sarkin TVS: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar Bajaj ce. TVS King ɗina tun da na saya ban taɓa kuloci ba.

Na Hotoro: Ba gaskiya ba ne. Je ka gareji ka ƙirga wadda ta fi kwanciya.

Sarkin TVS: Na ƙirga.

Bakanike: Duka biyun nake kwancewa, kuma hannun mai tuƙi ne ke kashe su. Hajiya, abin da ya same ki rashin rage giya ne kafin kwana. Abin nan ƙafa uku ne, ba ya kwantawa cikin kwana yadda babur ke yi, don haka birki da ragin giya tun kafin a shiga ake yin su. Gada ma haka, idan da lodi ka koma uku ko biyu tun daga gindi, kada ka bari sai ta gaza a tsakiya. Masu sa firi a gangara don rage shan mai kuma su daina, sun bar wa birki nauyin duka. A cunkoso kada a riƙe kuloci rabi, shi ke cinye filet.

Ɗan Kaduna: Mu a nan ma Keke Napep muke cewa, sunan shirin yaƙi da talauci na Obasanjo na 2001. Legas kuma Keke Marwa. Ku Kanawa kuna ji kamar ku kuka ƙirƙiro ta.

Malam Ɗan Fagge: Amma wa ya ba ta mutunci a Arewa? Malam Shekarau ne ya kawo ta ƙarƙashin A Daidaita Sahu don mata su huta da hawa bayan babur. Allah ya saka masa.

Jar Hula: Gadar da ake maganar hawanta wa ya gina? A dinga faɗin gaskiya.

Malam Ɗan Fagge: Wa ya raba talaka da acaɓarsa?

Jar Hula: Bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero ne, tsaro ne ya sa, kai ma ka sani.

Auta: Oga Bakanike, to idan mita ba ta aiki fa? Tawa allurar a kwance take.

Mai Tirela: Har yanzu ba wanda ya amsa min. Direba ne ko ba direba ba?

Shugaban zaure: Ya isa haka, ban da siyasa. Ga abin da na fahimta. Kowa ya yarda da Baban Khalifa cewa yaran yanzu ba sa tsayawa su koya, sati ɗaya a bayan wani sai su nemi makulli, mu masu mashin kuma mu kwana a ciki. Bakanike ya tabbatar laifin na hannun mai tuƙi ne, ke nan yaron ne ya kamata ya biya kuɗin filet. Maganar direba kuma an gama ta, ɗan sahu direba ne, Alhaji ya yi haƙuri. Na kuma lura ba wanda ya iya ƙaryata ingancin TVS. An rufe wannan babi.

Ɗan Kurna: Shugaba, ni ban yarda ba, kuma ba ka ambaci balas ba ko sau ɗaya. Mashin nawa gare ka a hannun yara?