Uban 'ya'yana ya koma mace, me zan ce wa yaran?

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin, a sakaya sunana don Allah. A Manchester nake da 'ya'yana biyu, babbar shekara tara, ƙaramin biyar. Mun rabu da babansu, ɗan ƙasar nan ne. Bayan rabuwar ya fara shan magungunan sauya jinsi, ya canza suna, yanzu rayuwar mace yake yi. Tsakani da Allah bai taɓa tauye musu haƙƙi ba, duk Asabar yana zuwa ɗaukarsu, har kitso ya koya saboda babbar. To jiya ƙaramin ya tambaye ni wai yanzu mama biyu gare shi? Babbar kuma ta ce kada babansu ya ƙara zuwa ƙofar Islamiyya, yara na yi mata dariya. Hajiyata daga gida ta ce in raba shi da su kwata-kwata. Ina da wannan ikon?

Maman 'yan biyu: Innalillahi. Ƙanwata, Allah ya ba ki juriya. Ni dai da ni ce, da tuni na tattara 'ya'yana mun koma gida.

Anti daga Leeds: Kada ki kuskura ki bi wannan shawarar. Fitar da yara daga Birtaniya ba da yardar uba ko izinin kotu ba laifi ne, sai a ce kin sace su. Dokar amincewa da sauya jinsi ta 2004 ta faɗa ƙarara cewa sauyin ba ya taɓa matsayin mutum na uba ko uwa. Shi ya sa Freddy McConnell, wanda ya koma namiji sannan ya haihu a 2018, ya sha kaye a kotu a 2019 da 2020, aka rubuta shi a matsayin uwa. Babansu yana nan uba a takardar haihuwa. Kuma a nan garin naku aka yi shari'ar wani uban yara biyar daga cikin Yahudawa masu tsananin riƙon addini, wanda shi ma ya koma mace. A farkon 2017 alƙali ya hana shi ganinsu don kada jama'arsu su ƙaurace wa yaran, kafin shekarar ta ƙare kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Tsegumin mutane kaɗai ba lallai ya zame miki hujja ba. Idan kun kasa daidaitawa, masu sasanci ake fara zuwa kafin kotu.

Baban Islamiyya: 'Yar'uwa, malamanmu ba su halatta abin da ya yi ba, ki koya wa 'ya'yanki haka cikin hikima. Amma nasaba ba ta goguwa, kuma Alƙur'ani ya ce a zauna da iyaye da kyautatawa ko da an saɓa a addini. Zan so a ja kunnen yaran da ke dariyar, laifin ba na yarinyar ba ne.

Yaya daga Kano: A unguwarmu akwai ɗan daudu mai sayar da abinci, da matarsa da 'ya'yansa. A tasha ana kiransa da sunan mata, a gida Baba ne. Na san ba abu ɗaya ba ne, amma ki ce wa ƙaramin: mamarka ɗaya, babanka ne ya canza kama, kuma yana sonka.

Mai tambaya: Na gode. Na yi wa babansu magana ɗazu. Ya ce su ci gaba da kiransa Daddy, kuma zai riƙa jira a mota a bayan layi. Saura Hajiya, ban san ta inda zan fara mata bayanin kotu ba.